Gudun Jirgi Daban, Isa Gida Daban: Martani Ga Mai Son A Haƙa Rami Daga Kano Zuwa Haɗeja

Wani ɗan'uwa daga cikin masu rubutu a kan al'amuran Jigawa ya fitar da maƙala kwanakin baya, yana kira ga gwamnati da ta daina zuba kuɗi a facin titi, ta haƙa wa Kano jirgin ƙarƙashin ƙasa irin na London, sannan a ja reshensa har Haɗeja. Hujjarsa guda ce, kuma ya nanata ta daga farkon rubutun har ƙarshe, wato gudu. A ganinsa jiragen da ke bin ramukan manyan birane suna tsula kilomita 100 a awa, babu cunkoso, babu shingen bincike, babu tirelar da ta mutu ta tare hanya. Don haka, in ji shi, Bahaɗeje zai karya kumallo a gida, ya je ya yi sari a Kantin Kwari, ya dawo ya riski azahar a masallacin unguwarsu. Rubutun ya yi armashi, matasa da yawa sun yaba, kuma ban ga laifinsu ba, don babu mutumin ƙasar nan da hanyar Kano ba ta gajiyar da shi ba. Sai dai lambar da Malam mai maƙalar ya ɗora ginin nasa a kai ba ita ke kai mutum gida ba.

Mu fara da London ɗin da ya kafa hujja da ita, tunda can aka soma wannan harka a 1863. Gaskiya ne akwai inda jirginsu yake kusantar kilomita 100 a awa. To amma a ina? A layin Metropolitan, can bayan gari, inda jirgin ya riga ya fito daga rami yana tafiya a fili, tashoshi kuma sun yi wa juna nisa. Abin da baƙon mako guda ba ya cika lura da shi shi ne, fiye da rabin layukan nan masu tsawon kilomita 400 da ɗoriya a saman ƙasa suke. Idan aka haɗa tafiyar gaba ɗaya, da tsayawa da tashi, matsakaicin gudun jirgin London kilomita 33 ne a awa ko kusa da haka. Na New York bai kai 30 ba. Na Paris ma bai kai ba, saboda tashoshinsu a matse suke, da yawa rabin kilomita ne kawai a tsakani. Yanzu Malam ya ɗauki wannan 33 ya auna ta da tazarar Haɗeja da Kano, wadda ta kusa kilomita 200. Awa 6 ke nan. Tsohuwar motar haya mai hayaƙi, in dai ba ta yi faci ba, za ta kai Kano ta sauke lodi, direba ya ci abinci ya yi salla, jirgin Malam bai iso ba.

Kada a ɗauka rashin ƙarfin inji ne ya jawo haka. Jikin ɗan Adam ne ya kafa iyakar. A irin wannan jirgi yawancin fasinja a tsaye suke, kowa ya kama ƙarfe ko igiya, akwai tsoho, akwai mai ciki, akwai mai goyo. Ba za a fizgi jirgin yadda ɗan acaɓa ke fizgar babur ba, sai a zubar da mutane a kan juna. Abin da injiniyoyi suka daidaita a kai shi ne jirgi ya riƙa ƙara gudu da kimanin mita 1 a daƙiƙa a cikin kowace daƙiƙa, haka nan in zai taka birki. Lissafin da ya rage ɗan sakandare ma zai yi shi a bayan littafinsa. Kafin jirgi ya kai kilomita 80 a awa sai ya ci daƙiƙa 22 da kusan mita 250. Kafin ya tsaya ma haka. Idan tazarar tashoshi biyu kilomita 1 ce, rabin hanyar ya tafi a tashi da birki, rabin da ya rage ne kaɗai zai yi cikakken gudu, na wasu daƙiƙa 23. Jimla daƙiƙa 67. A ƙara daƙiƙa 30 na buɗe ƙofa, masu sauka su sauka, masu hawa su hau, a rufe. Kilomita 1 ta cinye daƙiƙa 97, wato kilomita 37 a awa. Jirgin da aka rubuta 80 a jikinsa ke nan.

Ga inda abin ya fi ban sha'awa, kuma nan nake so Malam ya tsaya ya duba da kyau. A ce an sayo masa jirgi mai iya kilomita 120 a awa, aka ɗora shi a kan wannan layi. Ba zai taɓa kai 120 ɗin ba, domin kafin ya kai, lokacin birki ya yi. Iyakar ƙoƙarinsa ya yi ta ƙara gudu har tsakiyar hanya, daga nan ya fara ragewa, ya isa tasha ta gaba a daƙiƙa 63. Ribar da aka ci daƙiƙa 4 ce tak a kowace tasha, bayan an biya kuɗin inji mai tsada, an ƙara shan wutar lantarki, an ƙara cin birki da ƙafafun jirgi. Shi ya sa birane masu hankali ba sa gasar gudu a cikin rami. Ban da haka ramin kansa yana da nasa sharuɗɗan. Tsofaffin ramukan London bin ƙarƙashin tituna suka yi, suna lanƙwasa duk inda titi ya lanƙwasa, don kamfanonin da suka haƙa su su kauce wa biyan diyyar masu gidaje, kuma jirgi ba ya gudu a kwana. Sannan jirgin da ya cika rami tura iska yake yi a gabansa. Yana ƙara gudu, iskar na ƙara tokare shi, zafi na ƙara taruwa a ciki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Haɗeja ranar hawan salla ya ga yadda mahaya ke sakin linzami, doki ya taho a sukwane, ƙura ta turnuƙe, kafin ka ƙifta ido an ja shi ya turje a gaban Sarki. Gudu ne na gaske, ba wanda zai musa. Amma ba mai hankalin da zai ɗauki wannan sukuwa ya lissafa da ita kwana nawa doki zai yi kafin ya kai Kano. Abin da Malam ya ji a jikinsa lokacin da jirgi ya fizge shi tsakanin tasha da tasha, bangon rami na wucewa fuu a taga, sukuwar ƙofar fada ce.

To me ya sa mutanen waɗannan birane ke rububin jirgin da bai fi babur gudu ba? Domin abu biyu da Malam bai ba su ko layi ɗaya ba a rubutunsa. Na farko, babu abin da ke tare masa hanya. A tsakiyar London ko Alƙahira da safe, mota tana iya shafe awa guda ba ta yi kilomita 15 ba, saboda haka mai yin 33 ba fashi ya zama gwarzo. Na biyu kuwa, kuma shi ne babba, ba a jiran sa. A layin Victoria na London, lokacin fita aiki da tashi, jirgi 36 ke wucewa a awa guda, wato duk daƙiƙa 100 wani ya iso. Mutum ba ya tambayar ƙarfe nawa jirgi zai tashi. In ya rasa wannan, kafin ya gyara riƙon jakarsa wani ya tsaya a gabansa. Kuɗin da suke kashewa don inganta layi yawanci a sigina yake tafiya, na'urorin da ke barin jirgi ya bi bayan ɗan'uwansa kurkusa ba tare da sun yi karo ba.

Mu da muka saba da tashar mota ai ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Ka yi asubanci ka iso, ka biya, ka sami kujerar gefen taga kana murna. Ɗan kamasho na ta kwarara kira, saura mutum biyu, saura mutum biyu, alhali biyu daga cikin na zaune a ciki 'yan cika mota ne, da fasinjan gaskiya ya zo sai su zame. Mai ƙosai ta zo ta wuce, mai goro ya zo ya wuce, rana ta fito ta fara dukan rufin mota. An cika, sai a ce saura lodi: buhun busasshen kifi, kwandon tattasai, a ɗaure, a kwance, a sake ɗaurewa. An tashi, sai direba ya karkata gidan mai. In ka duba agogo, ka tarar awa 2 ta tafi taya ba ta juya ba. Daga nan direba ya ce zai rama lokaci, ya taka mota har allura ta kwanta, ku kuna salati a baya. Gudu kam yana da shi, har ya yi yawa. Abin da ba mu da shi shi ne tabbacin lokacin tashi da lokacin isa.

Alhazanmu sun ga bambancin nan da idonsu, ko da ba su sa masa lamba ba. A ƙasa mai tsarki jirgi biyu ne. Akwai na Masha'ir da aka buɗe a 2010, mai zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, tsawon kilomita 18, tashoshi 9, a kan gadoji yake tafiya, gudunsa bai wuce kilomita 80 a awa ba. An gina shi ne don ya kwashe mutum 72,000 a awa guda zuwa ɓangare ɗaya. Ba wanda ya taɓa yabonsa da gudu. Yawan abin da yake haɗiyewa ne abin mamaki, kuma duk alhajin da ya hau shi zai gaya maka tsayuwar da aka yi a bakin ƙofa ana jiran a kira rukuninsu ta fi tafiyar kanta tsawo. Sannan akwai na Haramaini da aka buɗe a 2018, daga Makka zuwa Madina ta Jidda, kilomita 450, mai kai 300 a awa. Wannan a fili yake tafiya, a cikin sahara, tashoshinsa 5 ne kacal a duk tsawon hanyar. Malam ya ɗauki gudun wani irin jirgi ya liƙa wa wani. Tafiyar Haɗeja zuwa Kano dangin ta Makka zuwa Madina ce, tafiyar gari zuwa gari, kuma ba a haƙa rami don irinta sai in dutse ko teku ya tare gaba. Daga Haɗeja zuwa Kano kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, jigawa da fadama, babu tsaunin da za a huda.

Sai batun mutane. Ana shiga ƙarƙashin ƙasa ne idan sama ta cika maƙil, babu wurin da za a shimfiɗa dogo sai an rushe rabin gari. Alƙahira, wadda ta fara buɗe irin wannan jirgi a Afirka a 1987, tana da mutane fiye da miliyan 20 a yau. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Haɗeja mutum kimanin 105,000. A ninka su uku saboda shekarun da suka wuce da baƙin da suka shigo, har yanzu jirgin Mina zai kwashe garin kaf, da jarirai da tsofaffi, tsakanin asuba da hantsi. Ragowar yinin wa zai ɗauka? Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Sashen farko na sabon layin titin Second Avenue a New York, wanda aka buɗe a farkon 2017, bai cika kilomita 3 ba, ya ci kusan dala biliyan 4.5. Na san wannan shi ne na ƙarshen tsada, wasu ƙasashe suna haƙawa da araha sosai fiye da haka. Amma a ajiye shi kusa da kwangilar layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 a saman ƙasa, tare da reshen Dutse, wadda aka bayar a kan kusan dala biliyan 2. Ko an raba kuɗin New York gida goma, rami na kilomita 200 ya fi ƙarfin aljihun Jigawa da na maƙwabtanta a haɗe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a ce ɗan ƙasar Haɗeja ne ke maganar rami bai ambaci ruwa ba. Kano a kan dutse take zaune, Dala da Goron Dutse shaida ne. Da ka nausa gabas dutsen nan ya nutse, ka shiga ƙasar rairayi da laka ta kwarin Tafkin Chadi, inda a fadama mai noman rani ke kafa bututu kaɗan ya tarar da ruwa. Kogin da ya ratsa mu haɗuwar Kogin Kano ne da na Challawa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 halinsa ya sauya. A da yakan cika da damina ya janye da rani. Yanzu ruwa na gudana kusan duk shekara, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike su, in damina ta yi ƙarfi ruwan ya rasa hanyarsa sai ya bi ta gonaki da gidaje. Mun ga ambaliyar 2020, mun ga ta 2022. Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri, Miga, Ringim, kowa ya ɗanɗana. A cikin garin Haɗeja matasa sun kwana a kan jinga da fitilar waya, suna cika buhuna da ƙasa suna jerawa, wani na riƙe bakin buhu wani na zubawa da shebur, ana sauraron inda ruwa ya fara tsattsafowa. A wannan ƙasa ake so a buɗe baki a saka matakala zuwa ƙarƙashi.

Malam zai ce ai injiniyoyi suna haƙa rami a ƙarƙashin kogi, kuma gaskiyarsa. Layi na biyu na Alƙahira ta ƙarƙashin Nilu ya bi. Haƙawar mai yiwuwa ce. Riƙon ramin a bushe shi ne aikin da ba ya ƙarewa. A New York, ranar da ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba, injina na zuƙe fiye da lita miliyan 40 daga ramukan jirgi. Da guguwar Sandy ta zo a Oktoban 2012, ruwan teku ya cika musu ramuka da dama, suka shafe shekaru suna gyara. A Yulin 2021 a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, ruwan sama ya shiga layi na biyar jirgi na ciki, ruwa ya kai wa fasinja ƙirji, mutum 14 suka rasu. Waɗannan ƙasashe ne da ba a cika ɗauke musu wuta ba. Jirgin rami kuwa da lantarki kaɗai yake tafiya. London ta gwada mai kwal a farko, hayaƙi ya kusa shaƙe mutane, sai a 1890 aka buɗe layin lantarki na farko. Fitila lantarki, iskar shaƙa lantarki, injin zuƙe ruwa lantarki, sigina lantarki. Malam ya tuna sau nawa babban layin wutar ƙasar nan ya faɗi a 'yan shekarun nan, ya kuma tuna yadda Arewa ta kwana cikin duhu kwanaki a jere a Oktoban 2024, sannan ya gaya mana ko zai sa iyalinsa a rami a watan Agusta. Legas ma, da ta san a bakin ruwa take, da ta tashi gina layinta na Marina zuwa Mile 2, mai kilomita 13, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, sama ta ɗaga sashensa na bakin ruwa a kan ginshiƙai.

Ban ce Kano ba ta buƙatar jirgin cikin gari ba. A nan ni da Malam bakinmu ɗaya. Wanda ya taɓa maƙalewa tsakanin Bata da 'Yan Kura da yamma, 'yan adaidaita sahu sun cushe ko'ina, ya san titi kaɗai ba zai ɗauki garin nan ba. Tun 2016 ake maganar jirgin cikin birnin Kano, an yi ta muhawara a kan bashin da za a ciwo. Idan Allah ya nufa aka yi shi, a sama ko a ƙasa, abin da Kanawa ya kamata su tambaya shi ne minti nawa tsakanin jirgi da jirgi, nawa ne kuɗin shiga, ina tashoshin za su kasance, wa zai riƙa gyara. In ya yi kilomita 35 a awa ba fashi, ya biya. Amma wannan maganar Kano ce, ta masu zuwa Sabon Gari daga Hotoro. Bahaɗeje ba zai amfana da ita ba sai bayan ya iso.

Abin takaicin shi ne, jirgin da ya dace da mu yana nan, Malam ya tsallake shi ya tafi London. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma zuwa 1930 Turawa sun ja reshe daga Kano zuwa Nguru, kimanin kilomita 230, ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Ba don ƙaunarmu suka yi ba, gyaɗa da fata da shanu suke so su kai bakin teku. Bai shiga cikin garin Haɗeja ba, ya ratsa ta arewa, shi ya sa Malam Madori ta tashi daga ƙauye ta zama garin kanti da sikeli da 'yan dako. Iyayenmu sun hau shi zuwa makaranta da fatauci, wasu ma da shi suka fara tafiyar aikin Hajji. Yau filin layin yana nan, ba sai an biya diyya ba, ba sai an rushe gidan kowa ba. Jirgin ne ya koma yau a tsaya gobe a farfaɗo, har yaran da aka haifa a bakin dogo suka girma ba su riƙe shi a matsayin hanyar zuwa Kano ba.

Za a ce ai tsohon layi ne, mai ƙunci, faɗinsa milimita 1,067, alhali sababbin da ake yi 1,435 ne. Haka ne, amma ƙunci ba shi ke hana gudu ba. Yawancin layukan Japan na yau da kullum wannan faɗin gare su, jirage kuma na yin kilomita 120 zuwa 130 a awa a kansu. Abin da ke sa namu rarrafe sananne ne ga duk ma'aikacin reluwe: matashin dogo ya ruɓe ko an sace, tsakuwar da ke riƙe shi ta zaizaye, kwalbati ya toshe ruwa ya ci gindin layi, mashigar mota da ta shanu babu mai tsaro, kan jirgi ya tsufa babu kayan gyara. Direban da ya san layinsa haka dole ya tafi a hankali. A gyara waɗannan, jirgi ya riƙe matsakaicin kilomita 60 a awa kawai, da tsayawarsa a tashoshi, daga Nguru zuwa Kano ba zai cika awa 4 ba, daga Malam Madori kuwa ƙasa da haka sosai. Wannan ya kusa ninka gudun jirgin London biyu, ba tare da an haƙa ko taku ɗaya ba. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kilomita 186, kusan tazararmu da Kano ke nan, kuma lokacin da yake kan ganiyarsa awa 2 da 'yan mintuna yake yi, a fili, da injin dizal.

Akwai kuma abin da jirgin rami ba ya yi ko kaɗan, wato dako. An ƙera shi don mutum da jakar hannunsa. Arzikin ƙasar Haɗeja kuwa a buhu yake: shinkafa, alkama, riɗi, zoɓo, tattasai, albasa, kifi banda, ga dabbobi. An faɗaɗa aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023, amfanin gona na ƙaruwa, kuma kowane buhu a bayan tirela yake fita, taki da man fetur kuma a bayan tirela da tanka suke shigowa. Su ne ke farfasa titin da Malam ya gaji da facinsa. Tarago ɗaya na kaya yana ɗaukar lodin babbar mota, kan jirgi ɗaya ya ja da yawa a jere, kuma buhun riɗi bai damu ba ko kilomita 40 ake yi da shi a awa. Ba mu manta da daren 15 ga Oktoban 2024 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi ta kama wuta a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a kan wannan hanya tamu, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su. Duk tankar da aka sauke daga titi aka mai da kayanta kan dogo, an rage irin wannan haɗari a tsakiyar garuruwa.

Ina da roƙo ga Malam, tunda Allah ya ba shi alƙalami mai jan hankalin matasa. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil, aka kuma yanka wa Dutse reshe na kilomita 90 da ɗoriya. Masarautar Kazaure ta samu, ta Dutse ta samu. Gabashin Jigawa, inda shinkafar take, an bar shi da layin 1930. Malam ya tambayi wakilanmu a Majalisar Tarayya me suka ce lokacin da ake zana wannan taswira, da abin da suka sa a kasafin kuɗi don layin Nguru tun daga lokacin. Ya tambayi Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya kwalbati nawa da gada nawa ke buƙatar gyara tsakanin Ringim da Birniwa, nawa za su ci, kuma yaushe za a liƙa jadawali a bangon tashar Malam Madori mai faɗin ranakun da jirgi ke zuwa da ƙarfe nawa yake tashi. Ya tambayi gwamnatin jiha ko za ta gina rumbun ajiya da wurin lodi a bakin tashar, ta kuma sa motocin da za su riƙa haɗa ta da kasuwar Haɗeja a kan lokacin jirgi. In ya samo amsoshin ya buga su da lambobinsu, ni ne farkon wanda zai yaɗa.